Taken Mai Tsani

Abin da na fara gani da aka shigo da ni gidan Baffa a Akokan shi ne hasken tele yana rawa a bangon falo da rana tsaka. Yaya Idi, ɗan Baffa, yana zaune a ƙasa da manet, abin sarrafa wasa, a hannu, wasu ƙattai biyu suna dambe cikin gilashin. Bai ɗago kai ba sai da Kaka ta ce, "Maigida, ƙanwarka ta zo daga Agadas, kai kana nan kana rabon faɗan aljanu?"

Lokacin tawaye ne, shekarar da motar Baba ta taka nakiya a hanyar Arlit. Inna ta koma gidansu takaba, ni kuwa aka kawo ni wurin Baffa, mai aiki a ramin uraniyom, don in ci gaba da lakkwal, wato makarantar boko. Can ƙasan jakata akwai tsohuwar na'urar wasa da Baba ya saya hannun wani ɗan kasuwar Kano, da kaset ɗinta rawaya. Rubutun jikin kaset ɗin na Sin ne, ba mai iya karantawa, don haka Baba ne ya raɗa wa mutanen ciki suna. Akwai Hajiya Mai Lema, akwai Tsuntsun Ƙanƙara. Wanda muka fi so shi ne Mai Tsani, ɗan gajere mai koriyar hula, yana yawo da tsani a kafaɗa yana kunna fitilun gari da suka mutu. In Baba ya dawo daga tafiya, tun bai cire takalmi ba yakan ce, "Ina mutuminmu?"

Wasan Yaya Idi sabo ne. An tattaro jarumai daga wasanni daban-daban an zuba su fili ɗaya, ka zaɓi naka ya kara da na wani. Nakan tsaya bayan kujera in bi fuskokin layi-layi. Mai Tsani ba ya ciki. Ban tambaya ba. Tele ɗin kuma ƙofar waya ɗaya gare shi, wayar Yaya ta riga ta shige.

Baffa ya hana kowa fita bayan magariba, sai mu taru a tsakar gida wurin Kaka. Kuran, wato wutar lantarki, ba ya yankewa a unguwar ma'aikata, amma ita sai ta hura gawayi a murhu, wai labarin da ba ya warin hayaƙi ba ya zama a kai. 'Yar Tawa ce, bakinta bai taɓa barin garinsu ba.

"Ga ta nan tahe," in ji ta wani maraice, "ku matsa ku ba ta wuri."

Wai namun daji ne suka shirya kokawa. Biri ne makaɗi. Ya buga taken zaki, zaki ya shiga. Ya buga na damisa, ya buga na kura. A bakin fili akwai wani tsohon gwanki da ya taɓa kayar da uban giwa a zamaninsa. Ya sha ɗamara, ya ɗaura layu, yana jira. To makaɗin da ya san takensa ya daɗe da mutuwa.

"Me ya hana shi ya shiga haka nan?" in ji Yaya Idi.

"Ji angon banza! An taɓa shiga hili ba kira? Wannan ai rigima ce, ba kokawa ba."

Rana ta kusa faɗuwa, gwanki ya fara kwance layu. Ashe wata kurciya ta san taken, ta ji shi a bakin uwarta tun tana cikin sheƙa. Tana tsoron taro, muryarta kuma ƙarama. Amma ta rera. Biri ya kasa kunne, ya kama, ganga ta ɗauka, gwanki ya miƙe.

"Ya yi kaye?" in ji Yaya Idi.

"An kashe shi ƙasa mana, ai ya tsuhwa. Amma da dariya ya tashi, da ƙasar hili a bayanai."

Sai Kaka ta juya garwashi ba ta dube ni ba, ta ce, "'Yar shiru, mi ag ga jikkarki da kike leƙawa kullum da sahe?"

Na faɗa musu. Yaya Idi ya fashe da dariya. "Mai tsani? Da me zai yi dambe, zai canza musu kwan fitila?"

Na ce zai tare naushi da tsanin. In an matsa masa ya hau sama, ya kashe fitilar fili, abokin karawa ya rasa inda yake. Tun zuwana gidan ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba. Yaya ya ce, "Gaskiya wannan mugu ne."

Washegari shi da kansa ya zare wayarsa ya sa tawa. Na hura kaset ɗin yadda Baba yake yi, na sake hurawa. Layuka kawai suka fito, sai ƙara. Yaya ya daddage, ya goge, ya bubbuga. Bai taɓa ganin Mai Tsani ba.

Yanzu an rufe ramin Akokan, Baffa ya koma Tawa, Kaka tana makwancinta. Duk lokacin da aka fitar da sabon zubin wannan wasan dambe, ana ƙara fuskoki, ni kuma ina bin su layi-layi kamar da. Da ina yarinya na ɗauka tsohon gwanki kaye ya zo nema. Sai daga baya na gane kira kawai yake jira, kuma in wanda ya san take ya yi shiru, shi ke nan, an gama. Ni kaɗai na rage da na san Mai Tsani, kuma ko ni sunan da Baba ya ba shi kawai na sani. Na rubuta shi a waya ina nema a intanet, da Hausa, na rubuta da Faransanci, ba abin da ya fito.

Kwanan baya na kira Yaya Idi a Yamai, inda yake gyaran na'urori. Na ce, "Yaya, kana da abokai masu tara tsofaffin wasanni. Ka tambayar mini su. Gajere ne, hularsa koriya, tsani a kafaɗa. Ko ba a samu kaset ɗin ba, a samo mini sunansa na gaskiya."