Motar Kawu Da Man Injin Niƙa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a Bodinga ba, kawuna ya samu kujerar Makka. Manomin albasa ne a wajen Danchadi, yana kuma da injin niƙa mai shan gas a ƙofar gida. Amma abin da ya fi ji da shi ita ce wata tsohuwar motarsa mai shan fetur, wadda ko 'ya'yan cikinsa bai yarda su riƙe mata sitiyari ba.

Ana gobe zai tashi ya aika a kira ni. A gaban 'ya'yansa maza uku ya miƙo mini makulli, ya ce, "Kai ad da ilimin boko, kai ka riƙe ta. Waɗanga in na bar musu, ƙarahuna za ni isko."

Ban ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kawun nan shi ya tsaya a kan karatuna, kuma ban taɓa jin ya yabe ni baki da baki ba sai ranar. Har na isa gida ban sa makullin a aljihu ba, a hannu na riƙe shi don duk wanda muka gamu ya gani.

Sati biyar ina lallaɓa motar nan kamar ƙwai. Da aka ce alhazanmu sun kusa sauka, sai iyayi ya motsa mini. Na ce bari in canza mata baƙin mai da hannuna, in je taryensa tana sheƙi ciki da waje. Na taɓa tsayawa a kan bakanike sau biyu yana yi, a ganina na gama karatun.

Na je Danchadi na shiga ɗakin ajiyar kawu, inda yake tara buhunan taki da kayan inji. Na tarar da jarkoki biyu rawaya, iri ɗaya, kowacce da mai a ciki. Kawu ba ya karatun boko, kuma a durom ake auna masa mai, don haka babu rubutu a jikin ko ɗaya. Bambancinsu kawai ɗaya an ɗaura mata igiyar rama a hannu. Matar kawu tana tsakar gida tana tankaɗe, taku biyar ne tsakaninmu. Amma yaya mai ilimin boko zai tambayi mai tankaɗe zancen inji? Na yi nawa lissafin na malamai: wadda aka ɗaura wa alama ita ce mai daraja, mai daraja kuwa ai ta mota ce. Na sunkuci mai igiya.

A gindin dogon yaro na kwanta a ƙasa na kwance noti, tsohon mai ya tsiyaye, na ɗura sabo. Na lura yana da ɗan kauri, na ce alamar mai kyau ke nan. Na jefa jarkar a but, na kama hanyar Shagari don in sa a cika ta, in kuma ɗauko babban ɗan kawu da ke da rumfar hatsi a can. Shi taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Yana buɗe but zai sa kayansa sai ya tsaya. Ya ɗaga jarkar, ya girgiza ta, ya dube ni.

"Malam, ina man da ac cikin wagga?"

"Yana cikin mota," na ce, har da gyara hula.

Ya zauna a bakin but ɗin ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Mai igiya ta injin niƙa ta! Ko awakin gidanmu sun san haka. Ka ba motar Baba abincin injin gas. Yanzu sai mu kawo dawa mu zuba mata mu gani ko ta niƙa."

Ni kam ban ga abin dariya ba. Ba motar nake gani ba, fuskar kawu nake gani a lokacin da zai ji cewa wanda ya fifita a kan 'ya'yansa shi ya kashe masa ita. Na hana a tayar da inji. Turawa muka yi, ni da taubashina, tun daga bakin kasuwa har garejin wani dattijon bakanike, mutane suna ta yi mana sannu.

Dattijon ya zaro gejin auna mai, ya murza man a yatsunsa, ya tambayi daga ina na taso. Na gaya masa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Wagga 'yat tahiya ba ta kashe inji. In da ka daɗe kana yawo da shi ne za mu yi magana. Kowane inji da irin man da anka yi domin shi." Ya juye shi tas, ya canza filta, ya zuba wanda ya dace. Motar ta tashi lafiya lau, ko tari ba ta yi ba.

A hanyar dawowa taubashina ya daina dariya. Ya ce shi ba zai faɗa ba, bakaniken ma bai san kawu ba, magana ta mutu. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na saya masa tsire. Amma da na isa gida na kasa cin tuwo, mahaifiyata kuwa ba a ɓoye mata irin wannan. Na kwashe duka na gaya mata.

Ta ce, "Motar ta warke, na jiya. Kai hwa? Mutum shina dawowa daga ɗakin Allah, ka tarbe shi da ɓoyo? Ni na san ƙanena. Hwaɗa mai, in ya yi hwaɗa ka sha."

Ranar da suka sauka, da hantsi, ni da taubashina muka je filin jirgi. Kawu ya shigo gaba ya zauna, ya rame kaɗan, yana ƙamshin turaren Makka. Taubashina yana baya da jakunkuna. Muka kama hanya yana ba mu labarin zafin Arfa, ni kuwa ba na fahimtar komai. Sau uku ina buɗe baki ina rufewa. Da na hango Bodinga na san in muka shiga cikin 'yan tarye shi ke nan, ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba. Na gangara gefen titi na tsaya.

"Kawu, ku gahurce ni, na yi muku ɓarna." Na faɗi komai, har da cewa girman kai ne ya hana ni tambaya.

Kawu ya buɗe ƙofa. Ya fita, ya sa na buɗe bonet, ya zaro geji ya duba, ya kara kunne yana sauraren inji. Ni ina tsaye kamar wanda ake shirin yanke wa hukunci. Can ya rufe bonet, ya juya wajen ɗansa.

"Kai ka san da wagga magana?"

"Na sani, Baba."

"Da ka hwaɗa min?"

Taubashina ya sosa ƙeya. Kawu ya girgiza kai, har ya ɗan murmusa. Na matsa gefe don ya karɓi tuƙi, don na tabbata nawa ya ƙare. Sai ya zagaya ya koma inda ya taso ya zauna, ya leƙo ta taga ya ce, "To mi kaka jira? Ja mu tai, mutane na jiranmu."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Haka na tuƙa har Danchadi ina share ido da hannun riga, taubashina yana tambayata daga baya ko hayaƙin gas ne ya shige mini ido.

Motar ta ƙara shekaru tana aiki kafin a sayar da ita. Na koyi tambaya, ko da wanda zan tambaya bai taɓa shiga aji ba, kuma har yau ba na zuba wa inji abin da ban tabbatar ba. Amma duk lokacin da na tuna, abin da ke sanyaya mini rai shi ne tsayawar nan da na yi a gefen titi. Da na wuce, da kawu ba zai taɓa sani ba, ni kuma da har yau ina sunkuyar da kai in mun haɗa ido.

Kawu yana nan da ransa, ya tsufa, idanunsa sun yi rauni. Bara da zai raba wa 'ya'yansa fadama tun yana raye, ya tara dattawan gari, ya ce ni zan riƙe takardun, ni zan karanta wa kowa iyakarsa. Wani dattijo da bai san ni ba ya tambaya ko ni wane ne.

Kawu ya laluba ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ɗan yayata na. Bai san mai ba ko kaɗan. Amma abin da yac ce maka a rubuce yake, to haka nan yake."