Yadda Na Sayar da Auta

Ni tela ne, kuma a ƙofar shagona majalisarmu take zama. Idan damina ta kankama, Turawa suka tafi hutun ƙwallo, gidan kallo ya koma sai finafinai, ba mu da aikin yi sai cinikin 'yan wasa. Mu saya, mu sayar, mu kori koci mu ɗauko wani, alhali a cikinmu akwai wanda shayin safe ma sai an saya masa. Ra'ayina kuwa kowa ya san shi: ɗan wasa in ya yi tsada a sayar da shi. Ina taka keke ina faɗa, kulob ba gidan marayu ba ne, a karɓi kuɗi tun ana tayawa, kafin ƙafa ta karye. Mai shayin da ke gefen shagona kullum sai ya ce ba ni da imani. Shi mutum ne da in kulob ɗinsa ya sayar da ɗan wasa, sai ya yi kwana biyu yana rage wa mutane sukari.

Wannan duk cinikin baki ne. Amma muna da namu kulob ɗin a nan Birnin Gwari, na unguwarmu, wanda ba shi da ko asusu sai karo-karon da muke yi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni ne ma'aji, kuma ni ne mai facin riguna. Na yi shekaru ina facin rigunan nan, har wata facinta ya fi asalin yadin yawa. Duk ranar da yaranmu suka shiga fili da su sai in ji kunya kamar ni aka tube.

Ɗan gabanmu, mai lamba tara, ƙanina ne, autan Inna. Tun da Baba ya rasu, mutanen daji kuma suka hana mu zuwa gonarmu ta hanyar Kuyello, ba shi da abin yi sai lodin buhu ranar kasuwa da ƙwallo da yamma. Ƙwallon kuwa ya iya. Ba don ƙanina ne ba, yaron in ya juya da ƙwallo sai ka ji fili ya ɗauka.

Wani ya ɗauki bidiyonsa a waya, bidiyon ya yi ta yawo har ya kai Kaduna. Sai ga wani manajan kulob ya kira kocinmu. Kocin namu malamin sakandare ne, Kirista daga kudancin Kaduna, ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya same ni a shago ya ce mutanen Kaduna suna son Auta. Za su ba kulob ɗinmu riguna saiti biyu, da ƙwallaye goma, da raga. Shi kuma Auta za su ba shi ɗaki da abinci da ɗan alawus. Sharaɗinsu ɗaya, ya iso kafin a rufe rijistar 'yan wasa, saura kwana goma.

Ranar majalisa ta cika har bakin titi. Mai shayi ya ce, "Yaron da ya ciyo mana kofi, shi za a bayar a kan riguna? Wallahi ko akuya ce a ƙara taya ta." Wani ya ce a nemi kuɗi a kai. Wani ya ce in Auta ya tafi, mu shirya shan kashi a hannun 'yan Damari har tsufanmu. Wani tsohon direba da ba ya cika magana ya ce, "Ku kuna ta riguna. Hanyar fa?" Na yi kamar ban ji ba. Na ajiye almakashi na miƙe na yi jawabi. Na ce manyan kulob-kulob na duniya da sayar da yara suka ginu, na ce yau riguna ne gobe miliyoyi, na ce yaron nan in ya taka Kaduna sai Turai. Aka tafa mini, kaina ya kumbura.

Da mutane suka watse koci ya tsaya. Ya ce, "Ka yi magana da Mama?"

Na ce, "Malam, bar min wannan."

Gaskiyar ita ce ban yi ba. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, ko ido ba mu cika haɗawa ba. In tana da magana da ni sai ta bi ta bakin matata ko ta bakin Auta. Na yi ta cewa gobe zan sa matata ta gaya mata, goben ta ƙi zuwa, domin na san abin da za ta fara tambaya. Hanyar Kaduna ta cikin daji take ratsawa, kuma ba gidan da ke unguwarmu da bai san wani da aka taɓa tarewa a kanta ba. Auta ma ya yi shiru, yana jiran in fara tunda ni ne babba.

Ranar Alhamis kayan suka iso a jakar bakko, a bayan wata motar haya. Na buɗe a shago. Rigunan shuɗaye ne, kowace a ledarta, da lamba a baya ba ɗinkin hannu ba. Na juya ɗaya ina duba ɗinkin ciki, na ga ko zare ɗaya bai fito ba. To a tsakanin ƙananan kulob-kulob irin namu akwai ƙa'ida, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Kayan ciniki muddin suna cikin leda ana iya mayarwa a ce an fasa. In aka sa su a jiki aka shiga fili, ciniki ya faɗa, wanda ya janye kuma ba mai sake hulɗa da kulob ɗinsa. Koci ya ce a bar su a leda sai gida sun amince.

Sai dai washegari muna da wasa da 'yan Randagi, kuma mutanen nan sun daɗe suna mana dariyar riguna. Suna zuwa a kan babura, tun daga nesa suna tambaya ko telanmu yana nan lafiya. Na kwana da abin a raina. Bayan Juma'a, kafin koci ya iso fili, na yage ledojin na raba wa yara. Da ya zo ya gan su shuɗaye reras, ya dube ni, ya wuce ya zauna a kan benci. Mun ci biyu da nema, duka biyun Auta ne ya zura.

Inna a bakin yaran unguwa ta ji. Sun biyo layi suna ihu an sayar da Auta, an sayar da Auta. Da na shigo gida tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa matata, "Tambayi mijinki, nawa aka ba shi?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ba kuɗi ba ne, riguna ne na kulob."

Ta ce wa matata, "Riguna. To ki tambaye shi, hanyar shi ya share ta?"

 Auta ne ya matso ya zauna kusa da ita ya ce, "Inna, ni ina so in tafi. Me nake yi a nan?" Ta daɗe tana tsince waken da ta riga ta tsince. Sannan ta ce tunda babba ya riga ya ba da baki a gaban mutane, ita ba za ta kunyata shi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya tayar mini da hankali sosai ranar Asabar ya fito. Wani mai kawo mini ɗinki daga wani ƙauye ya shigo yana murmushi ya ce, "Ashe kun zama manya, an ce miliyan biyar aka ba ku." Na ce wa ya faɗa? Ya ce a kasuwa kowa na faɗa. Kafin azahar wani ya ce goma ya ji, har da mota. Jawabina ne ya zagaya gari ya dawo da ƙari. Ni na ambaci miliyoyi da bakina. A garin nan kuwa magana ba ta tsayawa a kasuwa, akwai masu kai ta daji, kuma ba ka san su ba, wataƙila da su kuka yi sahu ɗaya a masallaci. In labari ya kai can cewa yaro mai miliyoyi zai bi hanya ranar Litinin, na san abin da zai biyo baya. 

Na fara tunanin in wanke rigunan in goge in mayar da su leda. Koci ya ce, "Duk gari sun gan su a jikin yara. Kuma ko ka mayar, maganar miliyoyin ba za ta koma ba."

Sai na rufe shago na shiga gari ina karya farashin ƙanina. Kwana biyu ina wannan aikin. A wajen mai nama, a tasha, a bakin masallaci, duk inda na ga mutum uku sai in tsaya in kawo zancen. Ina cewa wane miliyan, riguna ne 'yan gwanjo. Ina cewa gwaji kawai za a yi masa, da wuya ma su ɗauke shi, yaron ba shi da ƙafar hagu, ga raki, ga saurin gajiya. Mai shayi ya gane abin da nake yi tun ranar farko, sai ya kama mini. Shi da ya ce ko akuya a ƙara taya ta, ya koma yana cewa mutanen Kaduna sun yi asarar rigunansu. Wani ya kai wa Auta abin da nake faɗa. Ya same ni ya ce, "Yaya, ni ne ba ni da ƙafar hagu?" Na ce, "Har ka isa Kaduna ba ka da ita." Ya yi dariya, ni na kasa.

Litinin da sassafe na raka shi tasha. Motoci sun yi layi suna jiran sojojin rakiya, domin ba mai shiga hanyar shi kaɗai. Inna ba ta fito ba, amma ita ta zaɓa masa kayan sawa: tsohuwar rigar da yake lodi da ita, da silifa. Takalman ƙwallonsa matata ta cusa su a ƙasan buhun masara. Na karɓi wayarsa na goge bidiyon nan da duk hotunan da ya ɗauka cikin sabuwar riga. Ya zauna a kujerar tsakiya, tsakanin wata tsohuwa da wani mai kaji. Da ayarin ya tashi na tsaya ina kallo har motar ƙarshe ta sha kwana.

A hanyar akwai dogon wuri da babu sabis, na san da haka, amma duk da haka na yi ta kira. Tafiyar da in lafiya kafin azahar an isa, azahar ta yi wayarsa ba ta shiga. Na kira direban, tasa wayar ma a kashe. Wani ɗan acaɓa ya tsaya a majalisa ya ce ya ji an ce an yi harbi a hanya, bai san ta ina ba.  Ranar ba wanda ya sayi ɗan wasa ko ya sayar. Mai shayi ya kawo mini kofi ya ajiye a kan keke, ya huce a nan ban taɓa ba. Tsoro nake ji, kuma na san in wani abu ya faru ba ni da wanda zan ɗora wa.

Na kasa zama na tafi gida. Inna tana kan tabarma da carbi, matata ta ce tun safe ko koko ba ta sha ba. Na zauna a bakin ƙofar zaure da waya a hannu, ita tana can, ni ina nan. Aka kira la'asar, na yi salla a nan tsakar gida domin kada wayar ta yi ƙara ina masallaci.

Rana ta yi sanyi sosai sannan wayar ta yi ƙara. Muryarsa ce, a dashe. Ya ce, "Yaya, mun iso." Ya ce an tsayar da su a wani ƙauye awa huɗu, sojoji suka yi gaba suka dawo, sannan aka ce a wuce, ba wanda ya gaya musu dalili. 

Inna ta miƙo hannu, ni ta miƙo wa, ba matata ba. Na ba ta wayar. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ta tambaye shi ko ɗakin yana da ƙofa mai kulle. Sannan ta ce, "To Auta, tunda Allah ya kai ka, ka zauna. Ko sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba, ka nemi abin yi a can. Kada ka biyo hanyar nan. Ko da salla kada ka zo, ko ka ji an ce ba ni da lafiya kada ka zo." Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta miƙo mini wayar ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Sun ɗauke shi. Yau salla huɗu ke nan ba mu gan shi ba sai a waya. Duk ranar salla Inna takan zuba tuwo a kwano uku, sannan ta ce wa matata ta kai na Auta maƙwabta.