Kwanon Miya a Ƙarƙashin Hula

Ina cikin sujada a masallacin unguwarmu a Azare, sai hulata ta zame, kwanon silba ya faɗo daga kaina, ya gangara har gaban liman.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne. Sojoji sun yada zango a hanyar Katagum da wani faifai mai juyawa, aka ce iskar da yake fesowa tana cinye gashi, ta dafa ƙwaƙwalwa. Na yi dogon nazari, na ga ƙarfe ne kaɗai zai tare ta. Shi ne na kifa kwanon miyar matata a ƙarƙashin hula.

Da aka sallame, liman ya ɗaga kwanon: "Na wane ne?"

Sai rabin sahu suka dafa hulunansu. Alhaji Buba mai shanu ya ce, "Ba nawa ba ne, Malam, nawa na nan daram."

A gida uwargida ta karɓe kwanonta, ta ce, "Malam, ƙwaƙwalwar da ta yarda da wannan ai ta riga ta dahu."

Yau sanƙo gare ni. Har yanzu na kasa tantancewa, faifan ne ko kwanon? Ku me kuka gani?