Gonar Sailuba a Kan Takarda

Nasidi mai zanen riga maƙwabcina ne a unguwar Kusfa. Shi ke fitar da zanen aska da tambari a kan yadi kafin masu ɗinki su bi da allura. Tun yana ƙarami aka kawo shi birni wurin kawunsa, don haka hannunsa ya fi sanin alƙalami da fartanya. Ba ya iya zama. Ko a sahun jiran liman yake, gwiwarsa na kaɗawa.

A daminar bara aka kawo yayarsa Sailuba daga ƙauye, ɓarin jikinta ya shanye. Ta baro gonar dawa a gindin wani dutse, a hannun Sabo, ɗan ƙanin marigayi mijinta. Ba ta da magana sai a mai da ita gida. Likita kuwa ya ce kada a jijjiga ta a hanya. Sai ta fara ture kwanon abinci. Ta katanga nakan ji matar Nasidi tana lallashi, in kuma ji an mai da marfi.

An nuna mata hoton gonar a waya, ta ce idonta ba ya kama abu kamar ƙwayar gero.

Wata Asabar da sassafe na ga Nasidi da katako a hammata, da babbar takarda da gwangwanayen fenti.

"Ina zuwa, Malam Nasidi?"

"Zan ɗauko wa Yaya gonarta, Baba."

Yadda ya ba ni labari, ya yini yana sauya wuri. Ya zauna a kan dutse, rana ta kore shi. Ya koma kan kunya, tururuwa ta tashe shi. Masu wucewa na tambaya ko awon fili za a yi. Sabo na biye da shi yana cewa, "Kawu, daga nesa ta fi kyau." Amma Nasidi ya riga ya hango wasu furanni ruwan hoda sun shimfiɗu a ƙarƙashin dawar. Ya tsuguna a cikinsu, ya bi su ɗaya-ɗaya kamar yana cika wuyan riga. A ƙauyen ya kwana.

Lahadi bayan la'asar ya kira ni in gani. Ya jingina zanen a bangon ɗakin, ya ja baya yana murza hannu. Ga dutsen, ga hadari a bayansa, ga dawa. Sailuba ta daɗe tana kallo.

"Matso da shi, auta."

Ya matso. Ta ɗora yatsa a kan furannin.

"Wannan kai ka ƙara don ado?"

"Wallahi haka na same su, Yaya. Su suka fi komai kyau."

"Kyau," in ji ta. "Ɗan birni. Wuta-wuta ce ta cinye mini dawa, kai kana yi mata kwalliya. Shi Sabon yana tsaye?"

Nasidi ya dube ni. Ni kuwa na dubi takalmina, don na gane ciyawar tun daga ƙofa.

Ta yunƙura za ta tashi, jikin ya ƙi. Na ɗauka yanzu za ta ce a nemo mota.

"Asabar ka koma," ta ce. "Ka sa Sabo ya tuge ta da hannu kafin ta zubar da iri, a ƙone. Sannan ka sake zano mini, daga nan inda ka tsuguna. Kada ka rage komai." Ta juya wajen matarsa. "Ke kuma, kunun nan ya huce ne?"

Har aka yi girbi, kowace Asabar Nasidi na kan hanya. Hannunsa ya yi kanta, masu riguna suna ta ƙorafin jinkiri. Sailuba ba ta sake maganar mota ba. Amma daga ranar Laraba nakan fara jin muryarta ta katanga, tana tambaya ko fentin ya isa.