Wayar da Ba Ta Nuna Ɗigo

A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, bayan 'ya'yana sun girma, kuma har yau sai idona ya ga abin da hannuna ya yi nake yarda da shi. Da babban ɗana ya saya min waya, in na danna lambar sirri kowace lamba takan leƙo, sannan ta koma ɗigo. Daga baya ya ce masu sayen ƙosaina suna leƙe, ya yi wani danne-danne ya kashe abin, ba lamba, ba ɗigo. A natse nake buɗewa, ban damu ba.

Wata ranar kasuwar Azare ya karɓi wayar zai kai caji bakin tasha. Ina wajen masu wake na ji ihun ɓarawo. Wai an zare wa wata mata waya, sai ga saurayi riƙe da waya mai rigar furanni irin ta mata. Ba wanda ya tsaya ya nuna wa matar.

Da na kutsa, ɗana ne a ƙasa, riga a yage, jini yana fita ta kunnensa. Wani mahauci ya take masa hannu, wasu suna ta shuri. Na ce ɗana ne, wayar tawa ce. Ba a ji ni ba sai da na kama rigar mahaucin.

"To Inna, in taki ce, buɗe mu gani."

Na karɓa na danna. Allon bai nuna min komai ba. Ban san ko yatsana ya taɓa sau ɗaya ko sau biyu ba, ko jinin da ke kan gilashin ne ya hana. Ta ƙi. Wani ya ce uwar ɓarawo ce, aka sake rufe shi da duka. Na sake, ta sake ƙi, har ta ce in jira. Ina jira aka gangaro da tsohuwar taya, ana tambayar wa ke da fetur.

Wata ma'aikaciyar jinya, Kirista, mutuniyar Bogoro, ta tsuguna gabana. Ta goge gilashin da gefen zanenta, ta riƙe min wuyan hannu.

"Mama, faɗa da baki. Kina faɗa kina dannawa."

Na faɗi sirrina duk kasuwa tana ji. Wayar ta buɗe, ga hotona da ɗana ranar da ya gama makaranta. Mahaucin ya ɗauke ƙafarsa. Aka watse kamar ba a yi ba, tayar ma mai ita ya zo ya ɗauka.

Yatsunsa sun warke, amma kunnen hagun bai sake ji ba. Yanzu in zan yi masa magana sai in zagaya ta damansa in zauna.