Ajin da Muka Gasa da Karan Auduga

Ƙauyenmu na 'yan cirar auduga ne, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Gezira. Makaranta kuwa tana tsallake, a garin masu gonaki. Hukuma ta gina musu ita da siminti, har da tagogin ƙarfe. Mu da iyayenmu ke cire audugar da ake taƙama da ita, ko allo ba a ba mu ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Da rani nakan taka zuwa makarantar da ƙafa. Da damina baƙar lakar nan sai ta haɗiye takalmi, tur'a ta cika ta batse. Ranar da na zame na faɗa ciki, wani makiyayi ya tsamo ni, Baba ya yanke magana: "Halas, magana ta ƙare. In ba a kawo malami garin ga ba kahin ruwan baɗi, ɗiyata ta bar madrasa."

Dattawa suka sami mai duba makarantu. Ya ce ba a tura malami sai inda aji na jan bulo yake tsaye. Ya san sarai itacen gasa bulo ya fi ƙarfinmu. Kora ce kawai cikin ladabi.

A Gezira doka ce, in an gama cira a tumɓuke karan auduga a ƙone shi saboda tsutsa. Mu ke tumɓukewa, mu ke ƙonawa, hayaƙi ya tashi a banza. Sai Inna ta tara mata ta ce: "Tunda tilas a ƙone shi, mi zai hana mu ƙone shi ƙarƙashin tubali?"

Aka kira gayya. Maza suka kwaɓa lakar da aka yaso daga tur'a, mu muka yi ta dakon kara. Gashin farko ya fito duk a tsattsage, don wutar kara ba ta daɗewa. Baba ya ƙyalƙyale da dariya, wai gurasa muka toya. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta jera mata bi da bi, wannan na ajiye dami waccan na turawa, wuta ba ta huta ba. Na biyu ya fito ja wur, da shi aka gina ajin.

Da mai duba makarantu ya zo, ya yi ta zagaya ginin yana ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa, aibi yake nema. Inna ta sha gabansa. "Ya ustaz, ga aji mun tsayar. Ina namu malami? Ko audugarmu ba ta isa wurin hukuma?" Ya ciro takarda ya rubuta a turo mana malami.

Ranar da motar da ta taso daga garin Kamlin ta sauke malama da akwatinta, hadari ya riga ya haɗu a gabas. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa kukan daɗi na yi. Washegari ana ruwa kamar da bakin ƙwarya Baba ya kama hannuna da kansa, ya kai ni bakin ƙofa.

"Shiga," ya ce, "uwakki ta toya miki."

Na zauna a layin gaba. Tur'a tana can tana ambaliya, ban ko waiwaye ta ba.