Koren Biron Barista

Ina neman afuwar manya. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, ban taɓa rubutu a jarida ba, kuma akwai waɗanda suka fi ni cancantar yin magana a kan Barista. Na jira su kwana goma, ban ga sun rubuta ba.

Barista, ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a asibiti bayan jinyar mako biyu. Nasa muke, wurinsa za mu koma.

Yayata ce ɗalibar lauya da ta zo ofishinka koyon aiki. In an tashe mu daga makaranta, nakan biya in jira ta a bencin da ke kusa da kabad ɗin fayiloli. Ranar farko ka leƙo ka ce, "Ƙanwar lauya, shigo mana. Ko sammaci kike jira?" Na shiga ina sunne kai.

Kai ka koya wa Yaya ta karanta kowace takarda a bayyane kafin ta kawo maka. Sau huɗu ka mayar mata da takardar ƙararta ta farko, har ta yi kuka a mota. Amma da za ka kotu kan shari'ar direbobi bakwai da kamfaninsu ya kora, ita ka zaunar a gefenka. Ba ka taɓa sa hannu ba sai da koren biro. Har aikin gidana ka gyara da shi, ka sa hannu a ƙasa.

Shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Kwana huɗu da rasuwarka, abokin aikinka mai ofishin ƙarshen baranda ya fito da wasiƙa, wai ka janye ƙarar direbobin. Sa hannun kamar naka, amma da shuɗin biro. Kwanan watan da ke jikinta Litinin ce, ranar da muka je duba ka, muka tarar matarka ce ke riƙe maka kofi don hannunka na rawa. Ban ce wani ya yi wani abu ba. Amma tun kana kwance, sau biyu na ga wakilin kamfanin ya shiga wancan ofishi an turo ƙofa.

Littafin koyon aikin Yaya yana wurin abokin aikin naka yanzu, kuma sai ya sa hannu makaranta za ta karɓa. Ina kan benci na ji ya ce, "'Yata, ai a gabanki marigayi ya sa hannu, ko? Tuna da kyau, sai mu rufe littafinki."

Yaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ban gani ba."

Ya jefa littafin a aljihun tebur ya kulle. In bai ba ta kafin ƙarshen wata ba, za ta maimaita shekara.

Umma ta roƙe ta ta yi shiru. Jiya da safe Yaya ta ce in ara mata littafin aikin gidana, mai sa hannunka, ta tafi da shi wurin direbobin, domin su roƙi kotu ta duba wasiƙar.

Allah Ya jiƙanka, Barista, Ya yalwata kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, da direbobin nan bakwai. Allah Ya ba ku haƙuri.

Edita, idan alƙali ya ajiye koren sa hannun kusa da shuɗin, ko za ka yarda in sake rubutowa? In zargina kuskure ne, a nan nake so in nemi gafara.